Yadda Na Koya wa Na'ura Hausa da Rula

Ba zan taɓa mantawa ba da shirun da 'yar na'urar nan ta yi a ɗakin shan magani na Bungudu. Ranar Litinin ce da hantsi. Ina tsaye bayan Alhaji mai bincike, na rungume fayil a ƙirji, na gyara mayafi, har na riga na shirya irin murmushin da zan yi idan an fara yabona (wanda ba a buɗe haƙori sosai, na masu kunya). Alhaji ya haska jar wutar na'urar a kan sitikar kwalin maganin ƙarin jini. Kamata ya yi ta yi 'yar ƙara, ta nuna sunan maganin a gilashinta. Ba ta ce uffan ba. Ya sake haskawa. Ya goge sitikar da hannun rigarsa, ya matso, ya ja baya, ya karkata kai. Shiru. Ya juya kan kwalin maganin tsutsar ciki, nan take ta yi ƙara. Ya dawo kan ƙarin jini, ta sake yin gum.

A lokacin ne na san akwai matsala. Domin kwalin tsutsar ciki ban taɓa shi ba. Na ƙarin jini kuwa na taɓa shi, kuma da niyya.

Sai na ɗan koma baya kafin ku gane irin aika-aikar da na yi.

Da na gama sakandare a Gusau, na yi wata shida ina koyon tafireta wajen wani malami a Tudun Wada. Duk wanda ya taɓa buga Hausa a tafireta ya san ba ta da ƙ, ba ta da ɗ, ba ta da ɓ. Sai ka buga k, d, b ka gama, sannan ka zare takardar, ka ɗauki baƙin biro ka bi layi-layi kana yi musu ƙugiya da hannu. Malaminmu ba ya karɓar takarda sai an yi mata wannan. In ka manta guda ɗaya tal, sai ya jefo maka ita ƙasa ka sake daga farko. Ni kuwa a nan Allah ya ba ni. Ƙugiyata ba a bambanta ta da bugun inji. Ya sha ɗaga takardata gaban aji yana cewa a zo a ga aiki. Wannan yabon shi ya kai ni ya baro.

Shekara biyu bayan an ba mu jiharmu, ana ta buɗe ofisoshi a gidajen haya, na samu aiki a siton wani shirin tallafi da ke raba magunguna zuwa ƙauyuka. Hajiya Rabi ce shugabar sito. Baba Umaru shi ne direba, dattijo mai furfura wanda ya girmi mahaifina, shi ke kai kwalaye Bungudu da Tsafe da 'Yandoto. Sai Mista Godwin mai kula da kwamfuta, haifaffen Sabon Garin Gusau, wanda in yana zuba Hausa a bayan labule sai ka rantse ɗan Kanwuri ne, unguwar fadar sarki.

Kowane kwali kafin ya fita sai an manna masa sitika mai faɗin tafin hannu, mai layukan nan baƙaƙe a tsaye, irin waɗanda ake gani a bayan gwangwanin madara. Mista Godwin yana ce musu bakod. A ƙasan layukan akwai sunan maganin da manyan haruffa, kuma Hajiya ta dage sai da Hausa, don masu ba da magani a ƙauye su karanta ba wahala. Ranar da na fara ganin an buga KARIN JINI da KAIKAYI da KUNA, idona har ƙaiƙayin yake yi da gaske. Na ce, "Mista Godwin, ina ƙugiyar?"

Ya ce, "Ƙanwata, ba ta da gida a nan."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani, kuma wallahi bayani mai kyau. Ya ce kowane harafi layi biyar ne baƙaƙe da farare huɗu a tsakaninsu, wasu masu kauri wasu sirara, daga yadda aka jera su na'ura ke gane ko wane ne. Ya ce duka-duka abu arba'in da uku ta sani: manyan haruffan Turanci, lambobi, da wasu 'yan alamomi. Na ce to yaya yake yi da 'Yandoto, tunda akwai 'yar alama a gabanta? Ya ji daɗin tambayar. Ya ɗauko na'urar karantawa, mai kama da 'yar bindigar roba, ya haska sitikar 'Yandoto, sai ga /GYANDOTO a gilashi. Ya ce, "Kin gani? Ba ta da alamar, shi ne ake aro biyu daga waɗanda take da su, sanda da G, a haɗa su su tsaya a madadinta. Kwamfuta ta san in ta ga biyun nan tare, alamar ake nufi."

Na ce, "To a aro wa ƙ mana."

Ya yi dariya ya ce, "Waɗanda suka tsara abin nan ba su taɓa jin labarin ƙ ba. Ko a teburin aron ba ta ciki. Bar shi haka, magani dai ya isa."

Duk wannan dogon bayani, abu ɗaya kaina ya ɗauka: idan harafi ba shi da gida, ƙari ake yi masa. To ai ƙari sana'ata ce.

Bayan kamar wata guda mahaifiyar Mista Godwin ta rasu, ya tafi garinsu na asali zai yi mako uku. Ya koya mini yadda zan buga sitika, amma 'yar bindigar ya kulle ta a kabad ya tafi da makulli, don ita kaɗai gare mu. Aka kawo sabon kaya, na buga sitika sun haura ɗari biyu. Da farko haruffan ƙasa kawai na bi da biro na yi musu ƙugiya, kamar yadda na saba. Da a nan na tsaya da babu wanda zai ji labarina. Amma sai na zauna na yi tunani (ku kula, tunani na yi, ba kuskuren hannu ba ne). Na ce ai na'ura ba haruffa take karantawa ba, layuka take karantawa. Idan na gyara na mutane na bar nata, na yi rabin aiki. Kuma tunda ita miƙaƙƙen layi kawai ta sani, ba zan yi mata lanƙwasa ba. Zan ba ta ƙugiya da yarenta: layi ɗaya siriri, ƙari a kan biyar ɗin.

Na je kantin littattafai na bakin kasuwa na sayo alƙalamin zane mai tsinin allura da sabuwar rula. Kullum bayan azahar, idan Hajiya ta tafi gida cin abinci, sai in jera sitikun a tebur, in ƙirga layuka biyar-biyar daga hagu har in iso inda k take, in nemi farin da ya fi faɗi, in ɗora rula in ja. Kwana huɗu na yi. Ban gaya wa kowa ba, don ina so ya zama bazata. A raina ina ganin ranar da za a haska, ƙ ta fito a gilashi da ƙugiyarta, Mista Godwin ya riƙe baki, ya rubuta wa masu na'urar wasiƙa can ƙasar waje cewa ga wata yarinya a Gusau ta warware musu matsala. (Har atamfar da zan sa ranar ɗaukar hoto na zaɓa. Kore ce.)

To shi ne babban ofis ya turo Alhaji mai bincike da tasa na'urar, Hajiya ta ce in bi su, ita da shi, in riƙa rubuta abin da aka gani. Ni na roƙa ma.

A Bungudu Alhaji bai ɗaga hankalinsa ba. Ya ce ƙila zafi ne ya taɓa sitikun, ya sa aka ware kwalayen da suka ƙi karantuwa gefe guda. Ni ke rubutawa: ƙarin jini, ƙaiƙayi, ƙuna.  Na ce wa kaina ƙila na'urar Alhaji tsohuwa ce, ba ta waye ba. Ƙila gobe a Tsafe ta yi.

Talata muka fara da 'Yandoto. Ƙarin jini, shiru. Ƙaiƙayi, shiru. Muka dawo Tsafe, mata masu ciki sun cika benci suna jiran ƙwayar ƙarin jini, wasu tun da sassafe suka taso daga ƙauye a kan babur. Nan ma shiru. Alhaji ya ajiye na'urar. Ya zaro wani gilashin ƙara girma daga aljihu, ya durƙusa gaban kwalin ya daɗe yana dubawa. Sannan ya lashi babban yatsansa ya murza a kan layukan. Ya ɗago yatsan. Baƙi ƙirin.

"Hajiya, zo ki gani," in ji shi. "Tawadar inji ba ta bin yatsa. Wannan hannun mutum ne."

Hajiya ta dafa ƙirji. "Hannun mutum kamar yaya, Alhaji?"

"Kamar an cire kwalayenmu an kawo na jabu, an kwaikwayi sitika. Kuma ƙwararru ne. Shekarata nawa a aikin nan, ban taɓa ganin layin hannu mai kyau irin wannan ba."

Ku yarda ko kar ku yarda, cikin wannan tashin hankalin sai da wani lungu na zuciyata ya ji daɗin maganar. Na daƙiƙa ɗaya. Daga nan tsoro ya kama ni, domin lokacin mulkin soja ne, kuma kowa ya san abin da ake yi wa wanda aka kama da maganin jabu. Ba kora daga aiki ba ce. Gidan yari ne, na shekaru.

Alhaji ya ce, "Wa ke kaɗaita da kayan nan tsakanin Gusau da ƙauye?"

Duk aka waiwaya waje. Baba Umaru na zaune gindin darbejiya yana ɓare gyaɗa, bai san me ake ciki ba. Aka sallami matan nan hannu banza, aka ce kada a ba kowa ko ƙwaya ɗaya sai an gama bincike. Aka kira 'yan sanda. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da suka ce ya tashi. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya ce, "Ni? Mi na yi? Hajiya, mi ya faru?" Ya dubi Hajiya, ya dubi Alhaji, ya dube ni. Har ya miƙo mini sauran gyaɗar ya ce, "Riƙe min, ɗiyata, yanzu nika dawowa."

Na karɓa. Ban buɗe baki ba. Ina so in ce muku harshena ne ya ƙi motsi, amma gaskiya ita ce tsoro na ji, na ga an nufi wani na yi shiru.

An riƙe motar a matsayin shaida, don haka bas muka hau zuwa Gusau. Hajiya na gefena tana ta salati. "Umaru? Umaru da ke limanci in liman bai zo ba? Kai, duniya." Can ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ka tona asirin duk mai hannu a wannan abu, ka kunyata shi a bainar jama'a!" Ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ke ba ki cewa amin?"

Na ce, "Amin." Mutanen bas ma suka taya mu. Ban taɓa ganin addu'ar da aka karɓa da sauri irin wannan ba.

Laraba da safe na ƙi tashi. Na lulluɓe da zane na ce zazzaɓi nake yi. Inna ta shigo ta taɓa goshina ta ce, "Wanga zazzaɓi naki ba shi da zahi." Ta ga ƙullin gyaɗa a kan akwatina ta ce na wane ne. Da na ce na Baba Umaru, sai kuka ya ƙwace mini. Na gaya mata komai, ina haɗawa da layi biyar da farare huɗu da sanda da G. Inna ba ta yi boko ba, ba ta gane ko ɗaya ba, kuma ba ta nemi ganewa ba. Tambaya ɗaya ta yi.

"Dattijon na kulle yanzu?"

Na ce e.

"Don abin da kika yi?"

Na ce e, amma Inna in na faɗa ni za su kulle.

Ta yaye zanen da ƙarfi. "To su kulle ki mana! Ke kika fi shi 'ya'ya? Tashi ki sa tufahinki. Ni ban haifi wadda za ta kwana kan katifa tsoho na kwance kan siminti ba."

Kabu-kabu biyu muka hau, ita a gaba ni a baya, tana waiwayowa kada in sa mai babur ya juya.

Mun tarar da ofis a cike. Alhaji mai bincike, Hajiya, wani sajan da littafinsa, masu ɗaukar kaya sun jeru jikin bango, ga Mista Godwin da ya dawo jiya ya faɗa cikin bala'i, idonsa jawur. An baza sitikun a tebur. Sajan yana bayani cewa gungu ne, kuma sun san abin da suke so, tunda magani iri uku kawai suka zaɓa a duk garuruwan. Mista Godwin ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne ƙaiƙayi, don shi ya fi kowane araha, wane ɓarawo ne zai ƙware a kan ƙaiƙayi? Inna ta tura ni tsakiyar ɗaki. Ni kuwa ban san yadda ake fara irin wannan magana ba, sai kawai na ɗaga yatsa sama kamar a aji.

Hajiya ta ce, "Ke lafiya? Ba cewa aka yi ba ki da lafiya ba?"

Na ce, "Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni ce gungun."

Kowa ya juyo ya dube ni. Na fara bayani, muryata na fita kamar ta ɗan akuya. Na ce ba a canza kwali ko ɗaya ba, ƙugiya kawai na sa. Alhaji ya ce wace ƙugiya? Na ce ta ƙ. Ya ce ina ƙ a cikin layuka? Na ce ai shi ya sa na sa. Sajan ya rufe littafinsa ya ce, "Malama, mun saba ganin irin wannan. An ba ki wani abu ki ɗauki laifi ki rufe manya. Wannan layin ba aikin yarinya ba ne. Alhaji da kansa ya ce ƙwararru ne."

Inna daga bakin ƙofa ta ce, "A'a ranka ya daɗe, ita ce. Tun tana ƙarama haka take, abin da ba a sa ta ba shi ta fi iyawa."

Sajan ya ce to in ni ce in yi a gani.

Wannan shi ne wurin da in na tuna har yanzu sai na rufe fuska da tafin hannu, ko ni kaɗai ce a ɗaki. Na buɗe jakata na fito da rula da alƙalamin (e, suna cikin jakar, ko dabarar jefar da su ban yi ba). Mista Godwin ya buga sabuwar sitikar ƙarin jini, ya haska, ta yi ƙara lafiya lau. Ya ajiye mini. Mutum goma sha wani abu suka kewaye teburin. Na ƙirga layi biyar da ƙarfi, ɗaya, biyu, uku, na ɗora rula, na ja. Jikina duk rawa yake yi amma hannun nan ko gezau, layin ya fito santal. Kuma don sabo, sai da na sunkuya na hura masa iska ya bushe, na ɗaga shi wajen haske na duba, sannan na miƙa wa sajan da hannu biyu kamar mai jiran maki.

Mista Godwin ya haska. Shiru.

Alhaji ya sa gilashinsa, ya kwatanta da na Tsafe, ya zauna a kujera a hankali ya cire hula. "Inna lillahi. Ita ce. Guda nawa kika yi haka?"

Na ce duk masu ƙ.

"Me ya sa?"

Na ce don na'urar ta iya Hausa.

Wani cikin masu ɗaukar kaya ya fita da gudu, muna jin dariyarsa daga waje. Hajiya ta buɗe baki ta kasa rufewa. Mista Godwin kuwa ya ɗauki sitikar yana ƙirga layukan da bakin biro, sai na ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ya ce, "Ƙanwata, daga ina kika fara ƙirga?"

Na ce daga farko.

Ya ce, "Biyar ɗin farko ba harafi ba ne. Tauraro ne, ba a rubuta shi a ƙasa. Shi ne ƙofa, shi ke gaya wa na'ura daga nan za ki fara karatu. K tana biyar na biyu." Ya share hawaye. "Ba k kika sa wa ƙugiya ba. Ƙofar kika toshe. A ƙaiƙayi kuma, ta biyun a kan I ta sauka."

Wato kwana huɗu na yi, na sayi alƙalami da kuɗina, na sa an kulle dattijo, an mayar da mata masu ciki gida hannu banza, kuma ko harafin ban samu ba. Ɗakin ya ɓarke da dariya, har sajan ya juya baya yana tari. Ni dai ina tsaye da rula a hannu, ina roƙon Allah simintin nan ya tsage.

Amma dariyar ba ta daɗe ba. Sajan ya dawo da fuskar aiki ya ce wauta ba ta wanke mutum. Ya ce mai yiwuwa gaskiya na faɗa, mai yiwuwa kuma an yi amfani da ni an rufe wata ɓarna. Za a saki Baba Umaru yau, amma gobe za a koma garuruwan uku a buɗe kowane kwali, a duba hatimin kamfani da lambar da ke jikin kowace kwalba, a gwada da takardun da suka zo da kayan. "In aka samu ko kwali ɗaya da bai dace ba, Malama, ke za ki yi mana bayani, kuma ba a nan ba." Ya sa na rubuta bayani da hannuna na sa hannu. Hajiya ce ta tsaya mini aka bar ni na kwana gida.

Alhamis tun ƙarfe takwas ina zaune a bencin ofis. Inna ta haɗo mini jaka: zane biyu, soso da sabulu, buta, da ƙullin garin kwaki, ta ce in an wuce da ni kada in tafi haka nan. Ta zauna gefena tana jan carbi. Ni kuma ina ta lissafin abin da ban da iko a kansa. In a ce wani can daban ya taɓa kwali ɗaya fa? In a ce tun daga kamfani aka yi kuskuren lamba fa? Duk motar da ta rage gudu a titi sai in miƙe in leƙa. Azahar ta yi, na yi salla ban san raka'a nawa na yi ba. Mista Godwin ya fito ya ba ni ruwa, ya ce ya yi tunani a kan maganata, daga yau duk k mai ƙugiya za a riƙa buga mata ɗigo a baya, tunda ɗigo yana cikin arba'in da ukun, mu a ofis mun san abin da ake nufi. Ya ce, "Da kin matsa mini da baki, da tuni mun yi haka. Minti biyu ne." Ban san ko lallashi yake yi ko ƙarin duka ba.

Ana kiran la'asar motar ta shigo, Baba Umaru ke tuƙi. Na miƙe tsaye. Alhaji ya fito yana kakkaɓe riga, ya wuce ni har ya kai ƙofa, sannan ya waiwayo.

"Magani lafiya lau. Ko kwalba ɗaya ba a taɓa ba. An fara raba wa mata tun ɗazu. Je ki gida, babu mai neman ki." Ya ɗan tsaya. "Gobe ki zo da wuri, ke za ki sake buga sitikun nan duka, ki ɓamɓare tsofaffin da farcenki."

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Da rarrafe na isa gaban Baba Umaru, na kasa ɗaga kai, ina ta cewa Baba ka yafe mini, Baba ka yafe mini. Ya sunkuyo ya dube ni. Fuskarsa duk cizon sauro. Sannan ya ce, "Tashi, ɗiyata, na yahe. Kwanan da na yi can bai yi min zahi ba kamar shirun da kika yi ina kallonki. Wannan kar ki sake yi ma kowa." Na ce ba zan sake ba. Ya buɗe ƙofar mota, ya sa ƙafa ɗaya, ya leƙo. "Kuma roƙona guda. Duk ranar da kika ga lambar motar ga ba ta yi miki daidai ba, ki hwaɗa min da baki."

An daɗe da yin wannan, amma har yau in na ga ɗan sanda a titi sai na canza hannu. Ban zama mai hikima ba, kar in yi muku ƙarya. Abu ɗaya dai na riƙe: duk ranar da na ji wata dabara ta zo mini mai kyau ƙwarai, har ina jira Hajiya ta tafi cin abinci kafin in fara, to a ranar zan je in gaya wa Inna tukuna. Ba za ta gane ba, amma za ta hana.